Injin da Ba a Kashe Ba

Har yau in aka tambaye ni aikin ƙanwata Sumayya sai na yi inda-inda. Inna kam ta hutar da kanta, kowa ya tambaya sai ta ce, "Tana wajen masu wuta," shi ke nan. Sai mutane su zaro ido, su ɗauka irin masu hawa falwaya da tsani ne. Yarinyar da ko ƙwan fitila ne ya mutu a ɗakinta ni take kira in canza mata! Abin da take yi shi ne, tana zaune gaban kwamfuta ta faɗi tun yau yawan wutar da kowace unguwa za ta sha gobe. Ni Rakiya tela ce, ɗinki na sani, amma labarin nan a gabana aka yi shi, kuma in ban ba da shi ba ita ba za ta taɓa buɗe baki ba.

A Angwan Ɗangoggo muka tashi, daga gefen hanyar Dei-Dei. Kada kowa ya wahalar da kansa wajen nema, babu ita yanzu. Babanmu, Malam Manniru, ya baro ƙauyenmu na wajen Malumfashi a shekarar da soja suka miƙa mulki, lokacin da ake cewa a Abuja ko tuntuɓe mutum ya yi da arziki zai yi shi. Ya zo ya tarar da bulo ake tuntuɓen. Ya ɗauki bulo har wuyansa ya ƙage, sannan ya lura leburori da magina sun fara kawo matansu, mata kuma ba sa zama babu markaɗe. Ya sayi injin markaɗe mai aiki da wuta, ya kafa rumfar kwano a bakin layinmu, ya aika aka taho da mu. Ni da wayona na zo, Sumayya kuwa a bayan Inna ta shigo Abuja.

Unguwa ce ta kowa da kowa, Katsinawa da Zagezagi da Gbagyi masu ƙasa da mutanen Filato da na Binuwai, kowa da irin Hausarsa. Amma agogo ɗaya muke da shi, injin Baba. Da an idar da sallar asuba zai shimfiɗa katako a ƙasa ya hau, saboda wurin ba ya rabo da ruwa, ya naɗe hannunsa da tsumma, ya yi bismilla, ya tura hannun makunnin wutar sama. A daidai wannan lokaci duk ƙwan fitilar da ke unguwar sai ya lumshe kamar zai mutu, sannan ya dawo. Da wannan lumshewar ake tashin yara makaranta. Mama Fortune mai ƙosai, wadda ɗakinta ke jikin namu, ita ce kullum ta farko da bokitin wakenta.

Rufewar ma da ƙa'idarta. Gab da magariba zai zuba ruwa mai tsabta ya bar injin ya yi ta gudu babu komai a ciki har sai muryarsa ta sauya. Sai ya sauke hannun, ya lulluɓe shi da buhu, ya ɗan bubbuga buhun ya ce, "To, mu kwana lafiya." Muna yi masa dariya, ko a jikinsa. Ba ya yarda kowa ya kashe masa inji, wai wanda ya kunna shi ke kashewa. Abin da ya fi tsoro a duniya kuma shi ne a ɗauke wuta yana cikin aiki a manta hannun a sama. Ya ce wutar nan ba ta sallama in za ta dawo, inji ya tashi shi kaɗai babu kowa a kansa, wani yaro ya zo ya cusa hannu. Don haka ko loma ce a bakinsa, da wuta ta ɗauke zai ruga ya sauke hannun tukuna.

A ƙarƙashin wannan ƙara Sumayya ta yi karatunta. Ni ƙarar ciwon kai take sa ni, ita kuwa sai ta ɗauki littafi ta je ta zauna kan benci a rumfar, wai a nan ne kanta yake buɗewa. Ga tambayar tsiya. Wata rana aka yi kwanaki babu wuta, tumatirin mutane na ruɓewa, Baba ya yi tagumi, ta ce masa, "Baba, wai wa yake cewa yau a ba waɗannan, gobe a hana waɗancan?" Ya ce, "Wani ne yana zaune a ofis cikin sanyi." Ta ce to ita ce za ta zama wanin. Na ce mata ta fara koyon wanke kwano tukuna. Ashe da gaske take. Ta tafi jami'a a Zariya ta karanta harkar lantarki da kwamfuta, ta yi bautar ƙasa, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani da ke yi wa masu rarraba wuta hasashe.

Ta sha yi mini bayanin aikin, sai da ta kawo shi cikin ɗinki na gane. Ta ce, "Yaya, wa ya koya miki cewa in azumi ya raba tsakiya atamfa za ta cika miki shago?" Na ce ba kowa, shekaru ne. Ta ce to haka na'urarsu take. Ba a ce mata ga doka. Ana ɗura mata abin da mita ta kowace taransifoma ta rubuta shekara da shekaru, da zafin rana, da ruwan sama, da ranakun Sallah da Kirsimeti, ita kuma ta yi ta dubawa har ta gane halin mutane da kanta. Daga nan sai ta riƙa cewa gobe da safe unguwa kaza za ta sha kaza. Wutar kuwa ba ta isar kowa, don haka da wannan hasashen ake yanka ta, layin da aka ga zai fi buƙata a ƙara masa lokaci, wani a rage masa.

Abin da ya ɗaga sunanta a ofis gyara ɗaya ne. Da ta zo ta tarar na'urar tana cutar unguwannin talakawa ba da niyya ba. In aka ɗauke wa unguwa wuta, mitarta sai ta yi shiru, na'urar kuma ta ɗauka mutanen ba sa buƙata, gobe ta ce a ƙara rage musu. Haka abin zai yi ta zagayawa, wanda aka hana jiya shi za a hana gobe. Sumayya ta san wannan shirun tun tana goye. Ta zauna ta koya wa na'urar cewa in unguwa ta yi shiru, mutanenta suna nan, wuta ce aka ɗauke, ta ci gaba da ƙiyasta musu abin da da sun sha. Ogarta, Madam Prudence, wata doguwar mata 'yar Filato, har gida ta zo ta gaishe da su Inna saboda wannan.

Ranar ce Sumayya ta buɗe kwamfuta a tsakar gida ta nuna wa Baba taransifomar unguwarmu. Wani layi ne kamar zaren da ya kwance, yana tafiya a kwance cikin dare, sai can wajen asuba ya yi tsalle ya miƙe tsaye.

"Baba, ka ga wannan? Injinka ne."

Ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa gilashin. "Nawa? Nawa na nan?"

"Naka. Ga na jiya, ga na shekaranjiya. Wannan mai launin ja kuma na gobe ne. Ta riga ta san za ka kunna."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ikon Allah. Ashe gwamnati ta san da ni." Kwana da kwanaki duk wanda ya kawo markaɗe sai ya ji labarin.

Gwamnati ta san da shi kam. Jan fentin alamar rusau ya daɗe a bangunanmu har ruwa ya wanke shi, aka sake shafawa, muka saba da shi kamar ado. An ce filin na wani babban gini ne. An sha cewa ga su nan ba su zo ba, shi ya sa ranar da suka zo da gaske ba wanda ya ɗaure ko tabarma. Da hantsi ne, Baba na tsakiyar markaɗa tumatirin wata mata, sai wuta ta ɗauke, don sai da aka yanke ta kafin katafila ta shigo. A tare ɗaukewar wutar da ihun mutane suka zo. Inna na cikin ɗaki da ciwon ƙafa, Baba ya ruga ya fito da ita. Kafin ya juyo an tare layin, yana kallo daga nesa katafila ta bi ta kan rumfar. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau in na ga katafila a hanya sai na tofar da yawu.

Yawancinmu tsallaken rafi muka koma, bayan kasuwar katako, aka cusu a kan mutanen da su ma wurin bai ishe su ba. Baba bai sake zama daidai ba. Bai yi maganar gida ba, bai yi maganar jarinsa ba. Abu ɗaya ya riƙe. Yana zaune sai ya zabura ya ce, "Ban sauke hannun ba." Mu ce Baba babu injin, an kwashe ƙarafan ma an sayar. Ya ce, "Na sani. Amma a sama na bar shi. In wuta ta dawo fa?" Hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta koma ba ta fita sosai, amma wannan kalma tana fita tas. Damina ba ta ƙare ba muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa.

Ni na yi kuka har muryata ta dishe. Sumayya ko ɗigo. Ta raba ruwa wa 'yan ta'aziyya, ta wanke tabarmi, aka yi bakwai ta koma aiki. Mutane suna yaba haƙurinta, ni kuwa abin tsoro yake ba ni. Ta rame, ta daina surutu. Ɗaki guda suke kwana da Inna, kuma Inna ta ce mini kullum da ta sallame sallar asuba sai ta jawo kwamfuta ta juya wa bango, ta ƙura mata ido na ɗan lokaci, sannan ta rufe. Na ce aiki ne. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin aikin da ake yi hannu a kan cinya ba.

A tsallake kuwa wuta ta zama baƙuwa. Ta leƙo ta koma. Na koma gugar gawayi, na ƙona wa wata amarya leshi na sha zagi. Mama Fortune sai ta hau babur da bokitin wake zuwa cikin kasuwa. Zafi ya shigo, ɗakunan kwano suka zama tanda, yara duk ƙuraje, Inna na kwana tana fifita. Ni kuma na samu abin yi, duk na ga Sumayya sai na ce, "Hajiyar masu wuta, a taimaka mana mana." Sai ta sunkuyar da kai.

Wata rana da tsakar rana na dawo daga sayen zare, mai Keken da na hau ya yanke ta tsohuwar unguwa don guje wa cunkoson tireloli. Tun rusau ban bi ta wurin ba. Ba a gina komai ba. Ciyawa ta rufe ɓaraguzai, awaki na kiwo a inda ɗakinmu yake. Falwaya ɗaya ta tsira, ta ƙofar masallaci, wadda samarin unguwa suka ɗaura wa ƙwai don masu fitowa asuba. Ƙwan nan yana ci. Rana tsaka, ba gida ba mutum, yana ci abinsa. Mai Keke ya ce ai kullum haka yake ganinsa, layin nan ba a cika ɗauke masa wuta ba. Mu kuma a tsallake rabonmu da ita har mun manta.

Ban kai ga tambayar Sumayya ba sai ga Madam Prudence a shagona da atamfa a leda. Na auna ta, ta biya, amma ba ta tashi ba. Ta yi ta juya mukullin mota a hannu.

"Anti Rakiya, abeg, ka yi magana da ƙanwarka."

Na ce me ta yi?

"Bai yi sata ba, kwantar da hankali. Unguwan ku da aka rusa, har yanzu yana cikin sistem. Mita ya mutu tun ranan, amma ka san abin da Sumayya ya koya ma na'ura. In wuri ya yi shiru, mutane suna nan. So na'ura bai yarda an tashi ba. Kullum yana ce a ba su wuta. Layin ku na tsallake da wancan, tasha ɗaya ne. Abin da aka ƙara ma wancan, a jikin ku ake cirewa."

Na ce to ba sai a gaya wa na'urar ba?

"Minti ɗaya ne. Aikin shi ne, shi ke riƙe da wannan yanki. Na sani tun tuni, na yi shiru saboda rasuwa. Amma manya sun fara tambaya. Ni zan iya cirewa yau yau. In na cire da hannuna, yarinyan nan ba zai yafe ni ba, kuma ina tsoron abin da zai same shi. Gara shi da kanshi."

Na rufe shago da rana a sama. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci. Uwarmu na kwana tana fifita, ni ina ƙona kayan mutane, ashe ƙanwata ce ke tura wutarmu ga awaki. Na shirya maganganu masu zafi tun daga hanya. Na same ta a ɗaki ta dawo daga aiki, Inna na bayan gida tana alwala. Na zazzage mata duka. Ba ta musa ko ɗaya ba. Da na gama sai ta jawo kwamfutar ta buɗe ta ce, "Zo ki gani, Yaya."

Jan layin nan ne, na gobe. Ta bi shi da yatsa tana magana a hankali kamar mai gudun tashin wani daga barci. Ga firjin mai shago yana aiki cikin dare. Ga walda ta maƙwabcinmu Thaddeus da hantsi. Gobe Juma'a ce, don haka ga tudun da dutsen guga ke yi kafin a tafi masallaci, ta ce nawa ma yana ciki. Ta matsa zuwa Lahadi, ga gugar masu zuwa coci. Ga fankoki suna ƙaruwa saboda na'urar ta ji an ce za a yi zafi. Unguwarmu ce cif, kowa na nan yana harkarsa. Sannan ta mayar da yatsan baya zuwa asuba, inda layin ya yi tsalle ya miƙe.

Wallahi sai da na ji ƙarar a kunnena. Na ji warin tumatir da jiƙaƙƙen wake. Na zauna a bakin katifa, duk masifar da na zo da ita ta bi iska.

Da na samu bakin magana na ce, "Sumayya, ai tsofaffin bayanan ba za su ɓata ba. Ki ajiye su mana, ki riƙa dubawa."

Ta girgiza kai. "Wannan jiya ce, Yaya. Jiya kowa yana da ita. Nan kaɗai ne a duniya ake cewa gobe Baba zai kunna inji."

"Wane inji?"

Inna ce a bakin ƙofa, ruwan alwala na ɗiga daga haɓarta. Ba mu san tun yaushe take tsaye ba. Sumayya ta yi saurin kai hannu za ta rufe, Inna ta ce, "Bar shi." Ta zo ta zauna da ƙyar saboda ƙafar, ta sa aka yi mata bayani tun daga farko. Ta daɗe tana kallon wurin da layin ya miƙe.

"Kullum yake tashi?"

"Kullum, Inna."

"Tun ranar?"

"Tun ranar."

Inna ta sauke ajiyar zuciya. "Ashe da gaskiyarsa. Muna ta ce masa babu inji, babu inji."

"Inna, lissafi ne kawai. Ba inji ba ne na gaske."

"In lissafi ne kawai, me kike tashi kallo kullum da asuba?" Inna ta ce, "Na san mamaci ba ruwansa da inji, malamai sun faɗa, ban musa ba. Amma ni ina jin sa. Tun da muka dawo nan, da na sallame asuba sai in ji ya tashi, shi kaɗai, ba kowa a kansa. In yi ta jiran a kashe, ba a kashewa. Ban gaya muku ba don kada ku ce na zautu."

"In na cire shi ba abin da ya rage, Inna. Ba gida, ba rumfa, ko ƙusa ba mu tsira da ita ba."

"Mutumin nan tun da na aure shi bai san barcin safe ba. Yanzu ma da ya kwanta sai ki riƙa tayar da shi kullum ya yi wa kango markaɗe? Ga Mama Fortune can tana hawa babur da wake." Ta dafa gwiwar Sumayya. "Abu ɗaya ubanki ya tafi da shi a baki, kin ji shi da kunnenki. Ba mu iya yi masa ba. Ke Allah Ya ba ki iko. Ke kika kunna wannan, ke za ki kashe."

Sumayya ta ture kwamfutar gefe. Ta tashi ta fita tsakar gida ta tsaya jikin randa ta juya mana baya. Na yunƙura zan bi ta, Inna ta riƙe mini zane.

Washegari Juma'a ta dawo daga aiki da wuri. Ta ce in ana so ta yi, to sai gab da magariba, lokacin rufewarsa. Ban san wa ya gaya wa Mama Fortune ba, sai ga ta ta shigo da ɗankwalinta na zuwa coci ta zauna a gefe. Sumayya ta ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida. Ta nemo sunan Angwan Ɗangoggo, ta rubuta abin da za ta rubuta. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata. Sai ta tsaya. Yatsanta na sama, jan layin na gobe yana nan da tsallensa na asuba. Muna jin tireloli suna wucewa can bakin titi, wani yana kiran awakinsa. Ba wanda ya ce ta yi sauri.

Can ta ce, da wata murya ƙarama wadda rabona da ji tun tana zama a benci, "To, mu kwana lafiya." Ta danna.

Ba ƙara, ba komai. Layin ya ɓace, na'urar ta ɗan yi tunani, ta zana wani sabo a kwance tun daga farko har ƙarshe. Mama Fortune ta ce, "Baba ya tashi daga aiki," ta share ido da bakin ɗankwali. Inna ta cire mayafinta ta lulluɓe kwamfutar, ta ɗan bubbuga. A lokacin ladan ya kira salla.

Ba zan yi muku ƙarya in ce daga ranar muka koma kamar Maitama ba. An ɗan ƙara mana, shi ke nan, har yanzu gawayin gugata yana nan a ajiye. Sumayya tana nan a wurin aikinta. Ta ƙara wa na'urar wata dabara, in shirun unguwa ya yi tsawo ta daina ƙiyasi ita kaɗai, ta nemi a tura mutum ya je ya duba da idonsa. Madam Prudence ta ce gyara ne mai kyau. Ƙwan ƙofar masallaci kuma an zo an yanke wayarsa, mai Keke ne ya gaya mini.

Amma abin da ya tsaya mini shi ne wata safiya cikin makon da ya biyo baya. Na kwana a wurinsu saboda ƙafar Inna. Mun idar da asuba muna zaune a kan sallaya, ɗakin da sauran duhu, sai ga wuta ta zo. Ƙwan ɗakin ya kama, fanka ta fara juyi. Ba wadda ta yi hamdala, ba wadda ta tashi neman caja. Na duba sai na ga Inna ta ɗaga kai tana kallon ƙwan. Sumayya ma shi take kallo. Ni ma ashe shi nake kallo. Lokacin ne daidai, mu uku mun sani, jira muke ya lumshe.

Bai lumshe ba. Ya ci gaba da ci, fes, har gari ya waye.

Sai a lokacin Sumayya ta kifa kanta a cinyar Inna, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar jana'iza.